Idan Kogin Misisipi Ya Yi Ambaliya: Me Ya Sa Ake Rufe Farautar Barewa a Bar ta Agwagwa?

A watan Janairun 2016 kogin Misisipi ya cika ya batse a lokacin da ba a saba ganin haka ba. Ruwan saman da aka tafka a jihohin Mizuri da Ilinoi a ƙarshen Disamba ne ya gangaro kudu, har ta kai ranar 10 ga Janairu aka buɗe ƙofofin Bonnet Carré, wato mashigar da ke karkatar da wani ɓangare na ruwan kogin, domin a rage wa birnin New Orleans nauyin ruwa. A cikin waɗancan kwanaki hukumomin kula da namun daji na jihohin da ke bakin kogin suka rufe farautar barewa a filayen da ruwa ya shiga, amma suka bar farautar agwagwa tana ci gaba. Sai ga mutum biyu 'yan gari ɗaya, masu shiga daji ɗaya, an ce wa ɗaya ya rataye bindigarsa, ɗayan kuwa ya tura kwalekwalensa ya shige cikin itatuwa. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce to, faɗuwar wani tashin wani, ambaliya masifa ce ga barewa, alheri ga agwagwa. Maharba da yawa a can ma haka suke faɗa. Rabin gaskiya ke nan, kuma sauran rabin shi ne ya fi muhimmanci.

Sai mun fara da dabbar kanta. Abin da nake kira barewa a nan ba irin tamu ta dajin Sahel ba ce. Ita ta Amurka ta fi girma, tana da farin gashi a ƙarƙashin wutsiya wanda take ɗagawa idan ta firgita, namijinta kuma ƙahonsa mai rassa ne kamar reshen itace, yana zubar da shi duk shekara ya tsiro sabo. Wajajen 1900 an kusa ƙarar da ita saboda farautar kasuwa da saran daji, har yawanta a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Abin da ya dawo da ita shi ne tsari: lasisi, ƙayyadaddun kwanakin farauta, da adadin da mutum ɗaya zai iya harbewa a shekara. Tun 1937 akwai harajin da ake ɗora wa bindigogi da harsasai, ana mayar da kuɗin ga jihohi domin kula da namun daji. Saboda haka idan an ce an rufe farauta a can, magana ce ta doka, mai tara da ƙwace lasisi.

Shi kuma kogin, ruwan kusan kashi 41 cikin ɗari na faɗin ƙasar Amurka, in ka cire Alaska da Hawai, a cikinsa yake zuba. Jihohi 31 da larduna 2 na Kanada duk suna aiko masa da ruwa. Dusar ƙanƙarar da ta narke a Montana da ruwan saman da ya sauka a Pensilbeniya dukkansu sai sun bi ta gaban garin Vicksburg na jihar Misisipi. Daga kudancin Ilinoi zuwa bakin teku kogin yana ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda a da kurmi ne mai faɗin eka kusan miliyan 25. Ruwa kan malale cikin kurmin a lokacin sanyi, ya janye idan zafi ya shigo. An sare kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan daji an mai da shi gonakin auduga da waken soya da shinkafa. Bayan babbar ambaliyar 1927, wadda ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, gwamnatin tarayya ta yi dokar 1928 ta damƙa wa injiniyoyin sojan ƙasar aikin ɗaure kogin da jinga, wato dogayen ganuwar ƙasa a hagu da dama.

Jingar ta ceci garuruwa da gonaki, amma ta sauya yanayin ambaliya. Ruwan da a da yake bazuwa ya yi faɗi, bai cika wuce gwiwa ba a wurare da yawa, yanzu an matse shi a tsakanin ganuwa biyu, sai ya yi zurfi ya yi sauri. Kuma wannan siririn fili da ke tsakanin jinga da bakin kogi, wanda ba a iya nomawa sosai, shi ne ragowar dajin da ya fi albarka. Ƙasarsa laka ce mai taki, ciyawarsa mai ƙarfi ce, bareyinsa manya ne masu manyan ƙahoni. Ƙungiyoyin maharba suna biyan maƙudan kuɗi su yi hayarsa. Wurin da ya fi kyau ga barewa shi ne kuma wurin da ruwa ke fara cinyewa.

Barewa ta iya iyo ƙwarai. Masu bincike na Jami'ar Jihar Misisipi sun taɓa ɗaura wa wani namiji na'urar bin sawu a wuya, suka ga ya tsallake kogin gaba ɗaya ya shiga Luwiziyana, daga baya ya sake tsallakowa ya dawo. Don haka ba nutsewa ce babbar matsalar ba, muddin ruwan a hankali yake hawa. Matsalar ita ce inda za ta je. Dabbobin da suke baje a cikin eka dubu goma sai su taru a kan 'yan jigayi, ko bisa jinga, ko gefen titin mota, ko kan layin dogo. Su gaji, su ji yunwa, su rasa mafaka. Kowa zai iya tsayar da mota ya harbe guda biyar kafin su motsa. Mai kwalekwale kuma zai iya zagaya tsibiri ɗaya ya share dukkan abin da ke kai. Rana biyu ko uku na irin wannan sun isa su rushe abin da aka yi shekaru goma ana renonsa.

Akwai kuma maganar mutunci, kuma ina ganin bai kamata a raina ta ba. Maharban Amurka suna da wata ƙa'ida da suke ji da ita, cewa farauta ba ta halatta sai dabba tana da hanyar tsira. A wannan yankin ne ma, kusa da ƙauyen Onward na gundumar Sharkey, a watan Nuwamban 1902, shugaba Theodore Roosevelt ya ƙi harbin wata dabbar beyar da aka riga aka ɗaure masa a jikin itace. Harbin barewar da ruwa ya tsare a kan tudu bai da bambanci da wannan. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Dabbar da ta hau jinga ta tsaya a gaban mutane ba don ta daina tsoronsu ba ne, zaɓi ne ya ƙare mata.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda suka raba hukuncin da son ran jami'i. A da sai hukuma ta zauna ta yi taron gaggawa, kafin sanarwa ta fita ɓarna ta riga ta auku. Yanzu jihohi da dama sun ɗaura rufewar a kan ma'aunin ruwa, kuma an rubuta shi a littafin dokokin farauta tun kafin kaka ta fara. A kwarin kogin Atchafalaya na Luwiziyana, alal misali, akwai yankin da farautar barewa ke rufuwa da kanta idan ma'aunin ruwa na garin Butte La Rose ya kai ƙafa 18, ba za ta buɗe ba sai ya sauko ƙafa 17. Jihar Akansas ta zana yankunan da ambaliya ke yawan shafa a bakin kogunan White da Cache da Black da Saint Francis, kowane da ma'auninsa. Ka lura da tazarar nan ta ƙafa ɗaya tsakanin rufewa da buɗewa. Hikimarta ita ce kada a yi ta buɗewa da safe ana rufewa da yamma idan ruwa yana wasa a bakin layi, kuma a ba dabbobi ɗan lokaci su fara komawa kafin a sake sakin maharba. Kowa yana iya duba ma'aunin a wayarsa ta intanet kafin ya bar gida, babu mai cewa bai sani ba.

Duk da haka rufewar tana da zafi, kuma ga dalili. A yawancin Amurka bareyi suna barbara a watan Nuwamba. A fadamun ƙasan Misisipi da Atchafalaya kuwa sai Janairu, wasu wuraren har Fabrairu. Cikin barewa kwana 200 ne ko kusa da haka, wato haihuwa za ta faɗo a Yuli ko Agusta. Masana da yawa na ganin ambaliya ce ta koya musu wannan jinkirin tun zamanin da: uwar da ta haihu a Afrilu ko Mayu a cikin ruwa take haihuwa, wadda ta jira Agusta kuwa ta sami busasshiyar ƙasa da sabon tsiro. To lokacin barbara shi ne lokacin da manyan maza ke fita fili da rana suna bin mata, shi ne kwanakin da maharbi ya yi shekara yana jira, ya ɗauki hutun aiki dominsu. Idan ruwan hunturu ya zo a Janairu, daidai kan waɗannan kwanaki yake faɗawa. Mutum ya biya kuɗin haya, ya shuka alkama da ciyawa domin jan dabbobi, ya gyara bukarsa, sai ya tsaya a kan jinga yana kallon komai a ƙarƙashin ruwa.

Amma ita barewar, ambaliyar hunturu ba ta cika yi mata lahani mai ɗorewa ba. Ta shigo lokacin da kitse a jikinta, babu jariri a gefenta, idan ruwa ya janye bayan mako uku sai ta koma gida. Har ma lakar da ya bari takan ƙara wa ciyawa ƙarfi, kuma waɗanda ba a harba ba a bana su ne manyan baɗi. Ruwan da ke kashe ta shi ne wanda ya ƙi tafiya.

Shekarar 2019 ta nuna wannan ƙarara. A kudancin yankin da ake kira Delta a jihar Misisipi, sama da Vicksburg kaɗan, akwai wani kwari da jinga ta kewaye, ruwansa yana fita ta ƙofofin Steele Bayou zuwa kogin Yazoo, daga nan ya faɗa Misisipi. Idan babban kogi ya hau, dole a rufe ƙofofin don kada ya kwararo ciki. Amma da an rufe, ruwan saman da ke sauka a cikin kwarin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa kamar an toshe magudanar gida ana tsaka da damina. Gaba kura, baya sayaki. A 2019 babban kogin ya daɗe a sama fiye da yadda aka taɓa gani, har aka buɗe Bonnet Carré sau biyu a shekara ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Ruwan cikin kwarin ya kai ƙafa 98.2 sama da matakin teku a watan Mayu, ya rufe fili sama da eka 500,000, fiye da eka 200,000 daga ciki gonaki ne da ba a shuka komai a kansu ba a shekarar. Ya kwanta tun daga Fabrairu har zuwa Agusta. Gandun dajin ƙasa na Delta, mai eka kusan 60,000, ya yi watanni a nutse.

Ka ɗauki barewa mai ciki a wannan hali. Ta hau jinga a Maris. Ciyawar wurin ta ƙare a Afrilu, saboda ɗaruruwa ne ke kiwo a inda goma ya kamata su yi. Ta koma cin ganyen da ba ta saba ci ba da ɓawon itace. Ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke ƙyanƙyashewa a ruwa mai gudu, suna bin ido da kunne da hanci. Ga motoci da dare. Watan haihuwa ya zo ruwa bai tafi ba. Ta haihu a fili babu ciyawar ɓoye jariri, jikinta babu abin yin nono, karnukan daji suna kewaye. Mazauna yankin sun ɗauki hotunan bareyi da haƙarƙari a waje, da gawarwakinsu a gefen hanya. Manoman da gonakinsu ke bakin ruwa kuma suka ga waken soyansu ya zama abincin duk dabbobin da aka koro. A kakar farautar da ta biyo baya, hukumar jihar ta ware wannan yanki daban ta rage adadin da aka yarda a harba. Ga shi ruwa ya riga ya janye, daji ya bushe, amma maharbi yana biyan bashin ambaliyar da ta wuce. Kuma bashin yakan daɗe, domin 'ya'yan da ba su rayu ba a 2019 su ne manyan mazan da ba za a gani ba a 2023.

Wani zai ce me ya hana a kai musu masara a kan jinga? A nan aka shiga tsaka mai wuya. A watan Fabrairun 2018 aka fara gano wata cutar ƙwaƙwalwa mai rame barewa har ta mutu a jihar Misisipi, kuma a gundumar Issaquena aka gano ta, tsakiyar inda ruwan 2019 ya kwanta. Cutar ba ta da magani, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, tana kuma daɗewa a cikin ƙasa. Tara dabbobi a kan tulin abinci ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi ta yaɗa ta, shi ya sa aka hana zuba abinci a yankin. Mutane suna kallon dabba tana mutuwa da yunwa, doka tana cewa kada a ciyar. Na fahimci fushin waɗanda suka yi fushi. Na kuma fahimci jami'in da ya san cewa tausayin wata ɗaya zai iya jawo annobar shekaru talatin.

Yanzu mu koma kan agwagwa, wadda lissafinta daban ne tun daga tushe. Barewa 'yar gida ce, jiha ce ke da iko a kanta. Agwagwar daji baƙuwa ce. Tana ƙyanƙyasa a ƙananan tafkunan filayen Dakota da kudancin Kanada, idan sanyi ya daskarar da ruwan can sai ta biyo kogin zuwa kudu. Saboda tana ƙetare iyakoki, yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, da dokar 1918 da ta biyo baya, suka sa ta a hannun gwamnatin tarayya. Hukumar kifi da namun daji ta ƙasa ce ke ƙayyade iyaka, bisa ƙidayar da ake yi ta jirgin sama a wuraren ƙyanƙyasa kusan duk watan Mayu tun 1955. A hanyar Misisipi, wato layin ƙaurar tsuntsaye da ke bin kogin, tun 1997 kwana 60 ake bayarwa, agwagwa 6 a rana, kuma a yanzu dole a rufe zuwa 31 ga Janairu. Jiha tana zaɓar kwanakinta a cikin wannan iyaka watanni kafin kowa ya san yadda ruwa zai kasance. Idan ambaliya ta zo a 5 ga Fabrairu ta cika daji da tsuntsaye, sai dai kallo.

Dalilin da ya sa ba a rufe farautarta a lokacin ambaliya a fili yake: ruwa ba ya tsare mai fiffike. Ƙara mata wuri ma yake yi. Agwagwa mai koren kai, wadda ake kira malad, ita ce maharban Akansas suka fi so, kuma ba ta nutso. Kifa kai take yi ta ɗaga wutsiya sama, ta tsinci abin da wuyanta ya kai. Ruwan da ya yi mata daidai shi ne wanda bai wuce ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Idan kogi ya tumbatsa a hankali ya shiga kurmi a Disamba, sai ya tarar da 'ya'yan itatuwan ok a zube a ƙasa, da irin ciyayi, da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi a cikin ruɓaɓɓen ganye. Waɗannan ƙwarin ne matan ke buƙata domin sauya gashi da shirin yin ƙwai idan sun koma arewa. Tsuntsayen sukan bi bakin sabon ruwa kullum, inda ya shiga jiya da dare nan suke sauka da safe.

Wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Agwagin Turai da ke zuwa Dagona lokacin hunturu, har da mai dogon wutsiya wadda irinta ake gani a Luwiziyana, malalar kogin Haɗeja da Jama'are suke bi, tare da kirinjijiya da dinya na gida. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ta ragu, kuma inda ruwa ya koma kwanciya shekara cur sai kachala ta cinye. Ruwan da ke zuwa ya tafi shi ne mai amfani, a can da nan.

Sai dai abin da ya yi wa agwagwa daɗi ba lallai ya yi wa maharbinta ba. A shekarar fari, tsuntsaye kan cunkushe a 'yan wuraren da masu kuɗi suka tura ruwa da inji, mai irin wannan wuri sai ya cika adadinsa kafin hantsi. A shekarar ambaliya kuwa ko'ina ruwa ne, tsuntsayen sun watsu a faɗin gundumomi, da sun ji harbi sai su tashi su sauka inda babu kowa. Wanda ya haƙa maɓoyarsa a gefen gonar shinkafa ya jera agwagin roba zai iya wuni bai ga komai ba, talaka mai ƙaramin kwalekwale da ya san lungun daji kuwa ya dawo da kaya. Idan ruwan ya wuce misali ya kai ƙafa shida ko goma a cikin kurmi, abincin yana nan a ƙasa amma ba ya kamuwa, sai tsuntsayen su bar dajin gaba ɗaya. Idan kuma jihohin sama irin su Mizuri da Ilinoi sun sami nasu ruwan, sanyi bai tsananta ba, agwagi da yawa ba sa ma ƙarasowa kudu. Kakar 2018 zuwa 2019 haka ta kasance, ruwa ko'ina, sanyi kaɗan, maharban Akansas da Luwiziyana suna ta kuka. Garin Stuttgart na Akansas, da ke kiran kansa babban birnin shinkafa da agwagwa na duniya, wanda ke gasar busa kiran agwagwa tun 1936, masu masauki da 'yan jagoransa a irin wannan shekara suke gane cewa yawan ruwa ba shi ne yawan ciniki ba.

Akwai tarkon doka guda biyu da ambaliya ke ɗanawa. Na farko, dokar tarayya ta yarda a yi farautar agwagwa a gonar da ruwa ya shiga amfanin yana tsaye, amma idan manomi ya ga amfanin ya lalace ya sare shi ko ya bi shi da garma ba tare da girbi ba, hatsin da ya zube ya zama abincin yaudara a idon doka, kuma wurin haramtacce ne har kwana 10 bayan an kwashe shi duka. Na biyu, hawan ruwa a kan gonar wani ba ya mai da ita ta kowa. A 2007 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke haka a kan wasu masunta a Luwiziyana da suka bi ambaliya suka shiga filin wani. Ban da wannan ga hatsarin rai: igiyar ruwa a tsakanin itatuwa, kututture a ɓoye, duhun asuba, da ruwan da sanyinsa kan kashe ƙarfin mutum cikin 'yan mintuna.

Babbar asarar maharbin agwagwa, a ganina, ba a cikin kaka ɗaya take ba, a jikin itatuwa take. Itacen ok yana jure ruwa idan yana barci, wato bayan ya zubar da ganye a ƙarshen shekara. Da ya fara toho a Maris, saiwarsa tana buƙatar iska, idan ruwa ya ci gaba da kwanciya a kanta sai ta fara ruɓewa. Itacen ba ya faɗuwa nan take. Shekaru yake yi yana bushewa daga sama, 'ya'yansa suna raguwa, kuma ƙananan da za su gaje shi su ne ke fara mutuwa. Tun shekarun 1930 mutanen Stuttgart suka ƙirƙiro dabarar kewaye daji da ƙaramar jinga a cika shi da ruwa domin agwagi. Dabarar ta yi aiki, har hukumar jihar ta yi irinta a manyan wurare kamar Bayou Meto. Amma maharba suna son su tarar da ruwa ranar buɗe kaka, sai aka riƙa cikawa da wuri, a tsayi ɗaya, duk shekara, ga ruwan Maris da Afrilu yana hana shi fita. Jan ok mai ƙananan 'ya'ya, wanda agwagwa ke iya haɗiyewa, ya riƙa mutuwa, wani iri mai jure ruwa amma mai manyan 'ya'ya yana maye gurbinsa. A 2017 hukumar ta yanke cewa ba za a fara tare ruwa ba sai 15 ga Nuwamba, kuma daga baya ta rage tsayinsa a wasu wuraren. Maharba da yawa sun yi ƙorafi. Ni ina ganin hukumar ce ke da gaskiya, ta ma yi jinkiri. Irin wannan itace sai ya shekara kusan 20 kafin ya fara ba da 'ya'ya.

Maganar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Daga 1993 zuwa 2000 injiniyoyin soja sun sauya yadda suke sakin ruwa daga madatsar Clearwater a Mizuri, bisa roƙon manoma da ke son ƙarin lokacin girbi. Sakamakon haka ruwa ya riƙa kwanciya a gandun kogin Black na Akansas a lokacin tohon itatuwa, shekara bayan shekara, dajin ya lalace. Hukumar namun daji ta jihar ta kai ƙara. A Disamban 2012 kotun ta yanke, ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, cewa ambaliyar da gwamnati ta jawo, ko ta wucin gadi ce, tana iya zama ƙwace dukiya da ke buƙatar diyya. An biya jihar sama da dala miliyan 5. Yawan ruwan da aka saki a shekara bai canja ba, watan da aka sake shi ne ya canja.

Wannan ne kuma ya sa rigimar famfunan Yazoo ta ƙi ƙarewa. Tun 1941 majalisa ta amince a gina manyan injinan da za su riƙa ɗebe ruwan da ya taru a bayan Steele Bayou su tsallakar da shi jinga. An gina jingar da ƙofofin, ba a gina injinan ba. A 2008, zamanin George W. Bush, hukumar kare muhalli ta hana aikin, tana cewa zai busar da dausayi har eka 67,000 da tsuntsaye masu ƙaura suka dogara da shi. Bayan 2019 allunan neman a kammala famfunan suka cika gefen hanyoyin yankin, kuma cikin masu ɗaga su har da maharban da suka ga abin da ya sami bareyi. Masu adawa kuma suna da maharban agwagwa a cikinsu. A Janairun 2025 injiniyoyin soja suka amince da sabon tsari mai ma'auni biyu: daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Oktoba a riƙe ruwa a ƙafa 90, domin gona da toho da haihuwar barewa, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuma a bar shi ya hau har ƙafa 93. Ƙafa ukun nan su ne rabon agwagwa. Ƙungiyoyin kare muhalli suna cewa ba su isa ba, wasu manoman kuma suna ganin ƙarshen Maris ya yi latti ga mai son shuka masara.